Yadda zaka yiwa mutum bayanin ƙungiyar unguwa kafin shayinsa ya huce

Wannan rubutun na yishi ne saboda samarinmu da ƴan matanmu na nan Gadarif, a gabashin Sudan, da muke turawa su nemo mana sabbin mambobi. Sai kaga yaro mai ƙoƙari, ranar aiki shine farkon zuwa shine ƙarshen tafiya, amma da wani ya tambayeshi "wai ita ƙungiyar nan taku me kuke yi ne?" sai baki ya mutu, ko kuma ya ɗauko zance tun daga ranar da aka kafa da wanda ya fara shugabanci da rigimar da akayi a zama na uku, har mai tambayar ya ciro waya ya fara dubawa. Duka biyun asara ce a wajenmu, dan mutumin nan da ya tambaya ƙila shine ma'aikacin jinyar da muke nema wata da watanni, ko mai karo ɗin, wato amalanken jaki, da zai riƙa kai mana ruwa.

Lokacin da kake dashi kaɗan ne. Ni ina auna shi da kofin shayi, wato daga lokacin da mai shayi ta ajiye muku kofi akan ɗan tebur ɗinta zuwa lokacin da zai huce a iya sha, bai wuce minti biyu zuwa uku ba. Abinda baka faɗa a nan ba ka barshi sai in ya tambaya.

Abu na farko, kafin ma ka buɗe baki, ka san abinda kunnen mutum yake ji idan kace "ƙungiya". Wannan shine matakin da kowa yake tsallakewa kuma shine yake kada mu. Tun da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023, sannan Madani, babban birnin jihar Jazira, ta faɗi a Disamban shekarar, sannan mutanen Sinja da kewaye suka biyo baya da gudun hijira a tsakiyar 2024, garin nan ya cika maƙil, makarantu suka zama masauki, kuma duk wanda yazo da takarda da biro yana rubuta sunaye mutane sun saba ɗauka munazzama ce, wato ƙungiyar agaji, tazo rabon katin karɓar taimako. To kai ma in ka shigo da littafi a hannu haka za'a ɗaukeka. Wani kuma da yaji ƙungiya siyasa ce zata faɗo masa, sai ya kama kansa, kuma ba laifinsa bane a yanayin da ake ciki. Wata kuma, musamman iyayenmu mata, zata ɗauka sanduk ne, adashe, ta zuba yau ta kwasa bayan wata biyar. Ga kuma na huɗun da ba'a cika faɗa da baki ba, wato ko abin na Hausawa ne zalla. Tun rikicin ƙabilanci da ya rutsa da Hausawa a jihar Nilu Shuɗi a 2022 maganar ƙabila ta zama abin da ake takawa a hankali. Ba wai kazo ka lissafo masa waɗannan huɗun bane, a'a, ka dai riƙesu a ranka, ka duba fuskarsa, zaka gane wanne ne yake damunsa.

Mataki na biyu shine jimla ɗaya. Ɗaya tak, wadda ko yaro zai iya maimaitawa in yaje gida. Kuma kar ka wahalar da kanka wajen neman manyan kalmomi, Allah ya riga ya hutar damu, muna da kalmar da kowa ya sani. Bahaushe yana da gayya, ɗan Sudan yana da nafir, abu ɗaya ne, kuma mu da muka tashi a nan duka biyun namu ne. Ni abinda nake cewa shine: "Kawu, gayya ce irin wadda kuka saba, sai dai mu mun sa mata rana da littafi dan kar ta tsaya sai bala'i ya faɗo." Shikenan. In mai Larabci ne nace nafir ne na unguwa amma mai tsari. Baka ce "ci gaban al'umma" ba, baka ce "wayar da kai" ba, waɗannan kalmomin an faɗesu an faɗesu har sun suɗe, mutum yana jinsu yake rufe kunne.

Wasu suna son farawa da aya ko hadisi. Ni dai shawarata ka ajiye wannan zuwa gaba. Dattijon da kake magana dashi ya riga ka sanin cewa Allah yana cikin taimakon bawa matuƙar bawan yana cikin taimakon ɗan'uwansa, ƙila ma shi ya koyar da wanda ya koya maka. Abinda bai sani ba shine ku ɗin nan da gaske kuke ko a'a.

Daga nan sai mataki na uku, kuma anan ne nake so ka fi tsayawa, dan shine zuciyar bayanin gaba ɗaya: ka bashi labarin aiki guda ɗaya da kukayi, wanda zai iya zuwa ya gani da idonsa. Ba guda biyar ba. In ka lissafo masa muna gyaran magudanar ruwa muna taimakon marayu muna kai marasa lafiya asibiti muna yin takiyya, wato dafa abincin sadaka a unguwa, muna koyar da yara, wallahi babu wanda zai tsaya masa a kai, zai ce masha Allah kawai ya wuce. Amma in ka ɗauki ɗaya ka nuna masa shi kusa kusa, zai zauna.

Ga wanda nake yawan badawa. Da rani gobara ta tashi a layin da ke bayan masallacinmu, kun san yadda gutiyya take, wato ɗakin jinka, ciyawa ce busasshiya ga iska, kafin a kawo ruwa ɗakuna sun tafi. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai wata tsohuwa da jikokinta, ba namiji babba a gidan. Washegari bayan sallar asuba muka taru, wasu suka tafi neman ciyawa da itace, wani mai karo ya kwaso mana ba tare da ya karɓi ko jine ɗaya ba, wato fam ɗin Sudan, dattawa biyu da suka iya ɗaurin jinka suka zauna a ƙasa suna ɗaurawa yara suna miƙa musu igiya, mata suka ɗora shayi da asida a maƙwabta. Da aka gama ɗauri aka zo ɗagawa, mu wajen goma sha muka zagaye ta kowa ya sa kafaɗa, wani dattijo yana cewa ku ɗaga ta gabas ku sassauta ta yamma, har ta zauna daram akan bango. Tsohuwar tana tsaye a gefe riƙe da butar da ita kaɗai ta tsira daga wutar, bata ce komai ba sai hawaye. Karin maganar nan da ake cewa hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, mu a garin nan ba karin magana bace, kafaɗarmu ta san nauyinta. In na gama sai nace masa "ɗakin yana nan, in mun tashi daga nan sai in nuna maka." Yawanci ba sai mun je ba ma, dan ya san layin, ƙila ya san tsohuwar.

Kai ma ka nemi naka labarin. Sharaɗi uku ne kawai: ya zama gaskiya ne ba ƙari, ya zama kusa da inda mutumin yake zaune, kuma kar ka ambaci sunan wanda aka taimaka in abin na rufin asiri ne. Gobara kowa ya gani, ba sirri bace. Amma wanda aka biyawa kuɗin magani ko aka kaiwa buhun dawa da daddare, wannan ba'a yin talla dashi, kuma in mai saurarenka yaji kana fallasa wani to ya san gobe shi zaka fallasa. Sannan ka zaɓi labarin da ya dace da lokaci. Da damina, lokacin da baƙar ƙasar nan tamu take zama taɓo takalmi ya maƙale mota ta kafe, labarin yashe magudana ne yake shiga. Lokacin da kwalara ta ɓarke a 2024 kuwa ba abinda mutane suke son ji kamar wa yake zagayawa yana sa maganin tsaftace ruwa a randuna da durom ɗin masu karo.

Mataki na huɗu, ka faɗa masa ƙarara abinda ake so a wajensa. Anan yaranmu suke jin kunya, sai su riƙa kwana kwana, "ai ba wani abu bane, duk abinda ya sawwaƙa." Wannan maganar tana tsorata mutum fiye da in ka faɗi adadi, dan abinda ba'a iyakance ba ba'a san inda zai tsaya ba. Kace masa: safiyar Asabar ɗaya a wata, daga bayan asuba zuwa kafin rana tayi zafi, da zama ɗaya bayan la'asar, da kuɗin wata kaza. Ka faɗi adadin da ake biya a watan da kuke ciki, kuma tunda jine baya zama waje ɗaya, ni nakan ƙara da cewa bai wuce kuɗin shayi na kwana biyu uku ba, sai mutum ya auna da kansa. In kuma baida halin kuɗi ka gaya masa tun a nan cewa hannu ma zubi ne, muna da mambobin da basu taɓa bada ko sisi ba amma basu taɓa fashin aiki ba.

Kuɗi kuwa, kar ka jira sai ya tambaya ina suke zuwa, dan ba kowa bane zai tambaya, da yawa kunya zata hanasu sai dai kawai ka daina ganinsu. Kai ka rigashi. Ka faɗi wa yake riƙe littafi, ka faɗi cewa ba'a fitar da komai sai mutum biyu sun sa hannu, ka faɗi cewa ana karanta lissafi a gaban kowa a zaman wata, shiga da fita. In ta Bankak ake turawa, wato manhajar banki ta waya, ka nuna masa cewa ana tura hoton shaidar biya a zauren WhatsApp kowa ya gani, kuma duk da haka ana rubutawa a takarda, dan wanda ya ga yadda layukan waya da intanet suka ɗauke a Fabrairun 2024 aka rasa yadda za'a tura ko a karɓa ya san waya kaɗai ba abin dogaro bace. Idan kuma ƙungiyarku bata da wannan tsarin, to gaskiya ku dakata da neman mambobi ku gyara wannan tukuna.

Na biyar shine ka faɗi abinda ku ba shi bane, a taƙaice, ba tare da zagin kowa ba. "Bama rabon kati, ba jam'iyyar siyasa bace, ba adashe bane da zaka kwasa, kuma duk wanda yake zaune a unguwar nan namu ne ko wane yare yake ji." Wannan jimlar na koyeta ne da zafi. Akwai wata baiwar Allah cikin waɗanda suka zo daga Jazira, na yi mata bayani ina ta zumuɗi ban fito mata da wannan ba, na rubuta sunanta da lambarta, ashe ita a ranta ta shiga jerin masu karɓar abinci ne. Sati biyu tana jira, ranar da ta gane ta zo har ƙofar gidanmu da ƙaramin ɗanta a hannu tace "ɗana, da ka gaya min tun farko da ban sa rai ba." Har yau in na tuna sai naji nauyi a ƙirjina. Mun samu mun haɗata da masu takiyyar da ke kusa da makarantar da suke, amma sa ran da na jawo mata ba zai goge ba. Saboda haka kar ka taɓa rubuta sunan mutum sai ka tabbata ya gane me ake rubutashi akai.

Haka maganar rajista. Wani zai tambayeka kuna da takarda? A ƙasar nan ƙungiyoyin sa kai suna rajista ne a hukumar agajin jin ƙai, wadda aka fi sani da HAC, a ƙarƙashin dokar 2006. In kunyi kace munyi, in kuna kan hanya kace muna kan hanya, in baku yi ba kace mu dai ƴan unguwa ne kuma limami da masu unguwa sun san damu. Kar ka ƙara ko wasali ɗaya akan gaskiya, mutumin da ya tambayi wannan yawanci mai bincike ne kuma irinsa ake so a riƙon lissafi.

Yanzu maganar wa kake yiwa bayanin, dan tsarin ɗaya ne amma shigar ba ɗaya bace. Dattijo ba'a tareshi a tsaye a hanya, kaje zaurensa ko ka sameshi bayan sallah, ka gaisheshi gaisuwa cikakkiya ka tambayi iyali da jiki da gona, kuma kar kace kazo sa shi a ƙungiya, kace "Baba, mun fara wani abu ne muna so ku sa mana albarka ku kuma nuna mana inda muke kuskure." Da yawansu in ka bari zasu baka labarin yadda kakanni suka biyo hanyar Makka a ƙafa bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu suka zauna Mai Wurno wasu suka wuce gabas, da yadda baƙo baya kwana a waje in akwai Bahaushe a gari. Ka saurara, wannan ba ɓata lokaci bane, shi da kansa yake yi maka bayanin ƙungiyarka. Mace kuma mace ce ya kamata ta sameta, a gidanta, lokacin jabana, wato zaman shan gahawa, in an gama aikin safe, kuma a fito mata da lokacin zama sarai da inda ake yi da waye zai kasance a wajen, dan itama sai ta yi bayani a gida. Saurayi ko ɗalibin da jami'arsa ta tsaya, shi abinda yake nema shine inda za'a bashi abu ya riƙe, kace masa "muna neman wanda zai riƙe mana lissafi a waya" ko "wanda zai koyawa yaran makaranta hisabi da yamma", kuma zaka iya tuna masa cewa matasan da sukayi Nafir lokacin ambaliyar Khartoum a 2013, da na Shari'al Hawadis masu nemowa marasa lafiya magani, da ɗakunan agajin gaggawa na wannan yaƙin, duk haka suka fara, ƴan unguwa ne da waya da niyya. Wanda yazo gudun hijira kuma kar ka kalleshi a matsayin mai karɓa kawai, cikinsu akwai malaman makaranta da masu jinya da makanikai da magina, kuma da yawa abinda ya fi ci musu rai shine zaman banza. Ka tambayeshi sana'arsa kafin ka tambayeshi matsalarsa.

Lokaci ma a duba. Kar kaje wa manomi ko ɗan kasuwar amfanin gona da wannan maganar lokacin yankan riɗi, riɗi in ya nuna baya jira, kwana kaɗan ka makara ya zube ƙasa, mutumin nan ko barci baya samu yana neman ƴan jungo, wato ƴan ƙwadagon gona. Ka bari sai an kai kaya kasuwa. Azumi kuwa shine lokacin da ya fi kowanne, an shimfiɗa tabarmi a bakin titi kowane gida ya fito da tirensa, ga hilu-mur ga balila, maƙwabcin da baka gani duk shekara gashi kusa da kai.

Mataki na ƙarshe a cikin maganar shine gayyata mai rana da wuri. Kar kace "sai ka yi tunani", kar kace "zamu sa ka a zaure". Kace "Asabar mai zuwa bayan asuba muna yashe magudanar da ke gaban makaranta, ka zo ka gani kawai, ba sai ka shiga ba." Gani ya kori ji. Daga nan kayi shiru. Shirun nan yana da wuya amma dole ne, ka ɗauki shayinka ka kurɓa ka barshi ya yi magana. In ya yi tambayar da baka da amsa kace zan tambayo maka, kuma ka tambayo ɗin. In yace a'a kayi masa godiya da fuska a sake, wataƙila akwai abinda yake ɗauke dashi wanda ya fi ƙarfin Asabar ɗaya a wata, kuma unguwa ɗaya kuke gobe ma zaku haɗu.

In aka haɗa duka, ga yadda take fita a bakina in na samu maƙwabci a wajen mai shayi:

"Ustaz, kasan gayya ai, to ita muke yi a unguwar nan sai dai mun sa mata rana da littafi. Ka tuna gobarar bayan masallaci? Ɗakin Hajja da aka sake ɗorawa jinka washegari mu ne. Abinda muke so a wajen mutum safiyar Asabar ɗaya a wata da zama ɗaya da ɗan kuɗin wata, kuma ana karanta lissafi gaban kowa. Ba rabon kati muke ba, ba siyasa, kuma ba na Hausawa kaɗai bane. Asabar ɗin nan muna gaban makaranta, ka leƙo ka gani."

Ka gwada faɗin naka da ƙarfi a gida, da Hausa sau biyu da Larabci sau biyu, dan wani lokacin a tsakiyar magana za'a juya maka harshe. Ba haddacewa zakayi kamar karatun allo ba, jerin kawai zaka riƙe.

Sai ranar Juma'a da yamma ka kirashi ko ka biya ta ƙofar gidansa ka tuna masa, sau ɗaya ya isa. In ya zo ranar Asabar ɗin kai da ka gayyaceshi kai zaka tarbeshi, ka gabatar dashi ga mutum biyu uku da sunansa, kar a barshi a tsaye a gefe yana kallo kamar baƙo a gidan biki. A miƙa masa shebur ko bokiti a sa shi kusa da wanda ya san aikin kuma mai sakin fuska, in an zauna karin kumallo a jawoshi cikin tire ɗaya. Maganar rubuta suna da kuɗin wata a barta sai zuwansa na biyu.